Ranar da Pyo Dokbae Ya Ɗaga Hannu

Shekara arba'in da biyar na yi ina riƙe da Pyo Dokbae a zuciya, kuma duk ƙauyen Dolmoru babu wanda bai san haka ba, har shi kansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Muna gaisawa, ina kai masa kimci, kabejinmu mai yaji da tsami, idan na haɗa sabo, amma ban taɓa zuba masa a kwano mai kyau ba.

Ƙauyenmu a gindin wayar iyaka yake. Idan ka hau tudun bayan gari ka miƙa wuya, gonakin Koriya ta Arewa kake kallo. Gidajenmu suna nan ƙasa, amma gonakinmu da kaburburan iyayenmu suna ciki, bayan shingen soja. Tun ina amarya haka muke yi: da safe ka miƙa katinka a bakin shinge, soja ya jefa shi cikin wani akwatin katako, ka shiga ka yi aikinka, kafin rana ta faɗi ka fito ka karɓi abinka. Idan kati ya rage a akwati, to mai shi yana ciki ke nan, sai a tashi sojoji a shiga nemansa.

Abin da ya shiga tsakanina da Dokbae ya faru ne da kakar 1979. A wancan zamani, duk namijin da ya gama aikin soja na dole sai ya riƙa komawa atisaye na 'yan kwanaki kowace shekara. Aka kira mazanmu daidai lokacin da shinkafa ta nuna, sanyi kuma yana shirin sauka ya lalata ta. A rana ta biyu sai ga wata farar mota ta shigo filin, wani ma'aikacin lafiya ya fito ya hau kan benci. Lokacin kukan gwamnati shi ne wai mun yi yawa, ƙasa ba za ta iya ciyar da mu ba. Mutumin ya ce duk wanda ya yarda aka yi masa ɗan aikin nan da ke tsayar wa namiji haihuwa, an yafe masa sauran kwana huɗun, yau ɗin nan a gida zai kwana.

Kowa ya sunkuyar da kai. Dokbae kuwa, ɗan shekara talatin da huɗu, mai bakin da ba ya hutawa, wanda duk inda ya sa gaba sa'o'insa suke bi, shi ne ya ɗaga hannu.

"Ni dai shinkafata ba ta san atisaye ba," in ji shi. "Ranka ya daɗe, akwai kujera kusa da taga?"

Aka kwashe da dariya. Mutum tara daga Dolmoru suka bi shi cikin motar, har da mijina Bang Chilsong, wanda ko takalmi ba ya iya zaɓa sai ya ga irin na ƙafar Dokbae. Da yamma suka dawo suna tafiya ƙafa a tale kamar agwagi, suka ce wai faɗawa suka yi rami. Mutum goma, rami ɗaya! Mako guda babu wanda ya iya sunkuyawa da lauje a cikinsu. Shinkafar da suka gudo dominta, mu mata muka yanke ta.

'Yata ɗaya a lokacin, Sunja. Wata da watanni na yi ina shan saiwoyi masu ɗaci don in sake samun ciki, surukata tana bi na da harara tana tambayar wane irin ciki ne wannan da ya rufe a kan mace ɗaya. Sai ranar da Chilsong ya sha giyar shinkafa ya yi mankas sannan gaskiya ta fito. Wata uku ban yi masa magana ba. Shi dai na yafe masa tun kafin ya mutu, don wawa ne, kuma nawa ne. Dokbae ne ban yafe wa ba.

Matarsa Okbun ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar ba. Ita ma 'yarta ɗaya, Miran. Okbun 'yar tsallake ce, tana goye aka gudo da ita lokacin yaƙi, garinsu yana can bayan waya. Mace ce mai sanyi, irin wadda za ka taka ta ta ce ka yi haƙuri. Ni haushin sanyin nata ma nake ji.

Kada in yi wa mutumin ƙarya, ya yi wa garin nan aiki. Shekara goma sha tara yana mai gari. Shi ya yi ta zarya har aka zuba mana kwalta, shi ya san sunan kowane kwamanda da abin da yake sha. A zamaninsa yara talatin ne a barikin shinge, kai a aske, ciki ba ya cika. Da bazara su zo su taya mu dashen shinkafa, da hunturu su kwashe mana dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, su zauna a tsakar gidana su cinye tukunya guda suna kira na Iya. Ina zaginsu ina ƙara musu.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Makarantar firamare ta rufe, muka mayar da aji ɗaya zauren tsofaffi. Sojojin shinge suka koma ashirin, suka koma goma sha biyu, suka koma shida. Aka kakkafa kyamarori a kan dogayen turaku. Wata safiya na miƙa katina, sai na ga furfura a kan mai karɓa. Saje Maeng ne, ɗan shekara hamsin da uku, yana ɗingishi saboda ciwon gwiwa.

Na ce, "Kai kuma fa, da girmanka? Ina yaran?"

Ya ce, "Iya, ai ni ne yaron yanzu."

Na san ba Dokbae ne ya hana ƙasa guda haihuwa ba. Sunja tawa tana Seoul, ta yi aure, ba ta haihu ba kuma ba ta da niyya. Kare take turawa a keken jarirai, har ta turo mini hotonsa wai in ga jikana. Miran ko auren ma ba ta yi ba. Su babu wanda ya ɗaga musu hannu. Amma zuciya tana son wanda za ta ɗora wa laifi, ni kuwa nawa yana nan bayan katanga, ina jin tarinsa kowace safiya.

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Okbun. Abu ɗaya ta roƙe shi: a binne ta a kan tudun can na cikin shinge, fuskarta tana kallon garinsu. Ranar da muka kai ta, Dokbae ya tsaya a bakin shinge ya miƙa kati biyu, nasa da nata, kamar yadda ya saba duk tsawon zamansu. Sojan ya jefa su duka a akwati. Da muka fito da yamma yaron ya miƙo masa biyun, Dokbae ya zare nasa ya ce, "Ita tana ciki." Tun daga ranar katin Okbun yake kwance a ƙasan akwatin. Sojoji suka ɗaura masa jan zare don kada wani sabo ya gani ya tayar da bariki, kuma kowane rukuni yana gaya wa na bayansa cewa wannan na Iya Okbun ne, ba a taɓawa. A gefenta Dokbae ya share wa kansa wuri, ya kafa dutse da sunansa a jiki, ya bar gurbin ranar mutuwa babu komai. Kullum da safe sai ya hau, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa, ya zauna ya ba ta labarin gari. Na tabbata rabin labarin gulmata ce.

A ƙarshen daminar bana aka tara mu a zauren tsofaffi. Mu goma sha huɗu ne duk garin, ƙaraminmu shekararsa sittin da takwas. Wadda ta zo Kyaftin Yom ce, mace, ko Sunja ta girme ta. Ta cire hula ta rusuna.

"Iyayena, na zo da magana marar daɗi. Mako uku bayan bikin girbi na Chusok za a rufe shingen Dolmoru. Za a haɗe bataliyarmu da ta gabas. Gonakinku za a musanya muku da wasu a nan ƙasa. Kaburbura kuma, wanda yake son ɗauke nasa, ya ɗauke kafin ranar."

"Rufewar ta kwana nawa ce?" in ji Dokbae.

"Rufewa ke nan, Baba."

"'Yan tsallaken sun tuba ne? Ko sun zuba bindigoginsu a kogi ba mu ji ba?"

"Suna nan yadda ka san su."

"To, ku ne kuka gaji?"

"Baba, shinge ɗaya mutum takwas yake ci in za a riƙa canji. Bara na nemi ashirin, aka turo mini uku. Ko in tsayar da su a waya ko in tsayar da su a shinge, kuma ka san ba zan bar waya ba."

Dokbae ya buga sandarsa a ƙasa. "A turo wasu mana! Ƙasa guda a rasa yara takwas? Ina suka shiga?"

"Ba su shiga ko'ina ba, Baba. Ba a haife su ba ne."

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Tambaye shi, 'yar nan, ai shi ya san inda suke. Shi ya ɗaga hannu ya nemi kujerar taga."

 Kyaftin ba ta gane ba, amma sauran duk sun gane, domin uku daga cikin masu rami ɗaya suna zaune a wurin. Na jira Dokbae ya rama, don bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.  Sai kawai ya ɗauki hularsa ya fita yana jan ƙafa. Shekara arba'in da biyar ina tanadin wannan maganar don in faɗe ta a gaban mutane, da na faɗe ta kuwa ban ji daɗin komai ba. Kunya na ji, da baƙin ciki.

Kwana biyu bayan haka sai ga shi a bakin shinge da tsofaffi biyar, kowa da tsohuwar hular atisayensa da ƙotar fartanya a kafaɗa. Wai tunda babu yara, su za su tsare shingen, soja ya je ya tsare wayarsa. Dokbae yana gaba yana ba da oda. Ya ce a juya dama, tsoho Gu Palbong, wanda kunnensa ya daɗe da mutuwa, ya juya hagu ya kwaɗa wa na kusa da shi ƙota a kunne. Saje Maeng ya fito musu da kujeru, suka ce soja ba ya zama a bakin aiki. Ni na kai musu shinkafa da miyar wake, na ajiye na juya, don Dokbae ko kallona bai yi ba.

"Uwar Sunja," in ji Palbong da ƙarfi irin na kurame, "in 'yan tsallake suka zo, ke za mu tura gaba. Minti biyar za su koma da kuka!"

"Kai dai ka fara gane damanka tukuna," na ce.

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. A rana ta uku da tsakar rana Palbong ya yanke jiki ya faɗi. Motar asibiti ta kusa awa guda kafin ta iso, domin ita ma ɗaya ce ta rage wa ƙauyuka bakwai. Bai mutu ba, amma bai sake takawa da ƙafarsa ba. Da yamma Kyaftin Yom ta zo da kanta, ta tsaya gaban Dokbae ta rusuna har ƙasa.

"Baba, don girman iyayenka ka koma gida. In kuka ci gaba da tsayuwa a nan, sai na cire mutum biyu daga waya su tsare ku."

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya sauke ƙotar daga kafaɗa ya dogara ta.

Ya kira Miran a waya. Ina jin su ta katanga, don shi ba ya magana a hankali. Ta ce a tono uwarta a ƙone, akwai gidan ajiye toka mai kyau kusa da ita a Busan, za ta zo ta ɗauka da zarar ta sami hutu. Ya ce mata a Busan teku ake kallo, ba garin uwarta ba. Ta ce, "To Baba, ya kake so in yi?" Shi ma bai sani ba. In ya bar Okbun a can, ba zai sake ganin kabarinta ba, ciyawa da aladun daji su ne za su gaje ta. In ya ɗauko ta, ya karya abu ɗaya tak da ta taɓa roƙonsa.

Ya zaɓi ya ɗauko ta. A wurinmu ba a taɓa kabari sai a shekarar da take da ƙarin wata a kalandarmu ta gargajiya, bana kuwa babu, amma takardar soja ba ta san wannan ba. Kuma ɗa namiji ne yake fara sara ƙasar, Dokbae kuwa ba shi da shi. Aka ce akwai masu ƙaramar motar haƙa a cikin gari, ya ce ba zai ɗora inji a kan ƙirjin Okbun ba. Ya ɗauki diga da shebur ya hau shi kaɗai, da shekara saba'in da tara a wuyansa. Kullum ya fito da yamma hannuwansa sun faffashe, Saje Maeng ya taimaka masa ya hau ƙaramar taraktarsa.

Ranar ƙarshe, wadda za a rufe shingen da faɗuwar rana, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe. Tun ranar zauren bai yi mini magana ba.

"Uwar Sunja, yau zan kai gare ta. Kin san rana ba ta ganin ƙashi. Ina neman mai riƙe mini zane."

"Duk garin nan ba ka sami kowa ba sai ni?"

"Ke kaɗai ce hannunki bai fara rawa ba. Bakinki ne kawai."

Na ɗauko zanen gadona na aure, wanda ban taɓa shimfiɗawa ba, na bi shi. Muka miƙa katunanmu, muka hau. Na ɗaure gefe ɗaya a reshen itace, na riƙe ɗayan gefen sama da kaina, shi kuma ya sauka cikin ramin ya ajiye shebur ya koma tono da hannu. Yana fito da ita ɗaya bayan ɗaya, daga kai zuwa ƙafa yadda ake yi, yana gogewa da hannun rigarsa, yana naɗewa a farar takarda. Can ƙasa kwarin ya buɗe, ana hango rufin garinsu Okbun sarai, har da hayaƙin wani gida. Hannuwana suka yi tsami, amma ban sauke ba.

Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Yau kwana nawa ina haƙan nan?"

"Huɗu."

"Huɗu," ya maimaita. "Su na guje wa a atisaye. Ga shi sun jira ni."

Na gyara riƙon zanen, shi kuma ya ci gaba.

"Ita ba ta taɓa cewa komai ba, kin sani. Ko sau ɗaya. Da ta zage ni irin naki, da na fi samun sauƙi. Ni fa na ɗauka shinkafa nake ceto, uwar Sunja. An ce mun yi yawa. Duk wanda ka tambaya a lokacin, mun yi yawa."

Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, amma bakin da ya shekara arba'in da biyar yana faɗin abu ɗaya bai iya juyawa a rana guda ba. Kuka kawai na yi. Tausayinsa na ji, da nawa, da na 'ya'yan da na yi ta shan saiwoyi domin su.

Ya jera ta a cikin wani ɗan akwatin katako, ya naɗe da zanen nawa. Kafin mu sauko ya tsaya gaban dutsen da ke da sunansa, ya dafa shi, ya girgiza ya ji ko zai motsa. Bai motsa ba.

Rana ta yi ja muka iso shinge, shi yana tuƙi, ni ina rungume da Okbun a cinya. Saje Maeng yana tsaye shi kaɗai, sabuwar sarƙa da kwado suna ajiye a gefen ƙafarsa. Ya sa hannu a akwatin ya miƙo mini katina, ya miƙa wa Dokbae nasa. Sannan ya sake sa hannu, ya fito da mai jan zaren, ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa.

"Iya Okbun ta fito," in ji shi.

Dokbae ya karɓa ya sa a aljihun ƙirji. Saje ya kifa akwatin ya bubbuga, babu abin da ya faɗo sai ƙura. Muna nan ya jawo ƙofar ƙarfen, ya zagaya sarƙar sau biyu, ya danna kwado. Dokbae bai kalli kwadon ba, tudun yake kallo.

"Nawa wurin yana can," in ji shi.

Ya ja tarakta, muka nufi gida.

Wata biyu ke nan da rufe shingen. Hutun Miran bai samu ba tukuna, an ce a wurin aikinsu ma mutane sun yi ƙaranci. Kullum da safe Dokbae yana taka hanyar shinge da kati a hannu, don ƙafarsa ba ta san wata hanya ba. Idan ya matso, kyamarar kan turke ta juyo ta kalle shi, wata muryar mace da aka naɗa ta ce an hana wucewa, a koma baya. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya juyo.

Jiya na zuba masa kimci a kwanon tangaran mai zanen fure, wanda nake fitarwa sai da baƙi. Na same shi zaune a ƙasa, bai ko lura da kwanon ba. Ya ɗora akwatin Okbun a kan tagar da ke fuskantar arewa, katinta a jingine a jiki, ya ɗan ɗaga gabansa da littafi don ta gani da kyau.

"Duba mini, uwar Sunja," ya ce, "idona ya yi rauni. Ana hango wani abu daga nan?"

Na durƙusa, na sa kaina daidai da akwatin, na duba. Babu abin da ake gani daga wannan tagar sai bangon makarantar da aka rufe.